Rabin Awa Da Littafi Kafin Barci

Yau ban zo muku da maganin sha ko na shafawa ba. Littafi na kawo, kuma ina roƙon ku bi ni zuwa ƙarshe kafin ku ce mai magani ta bar sana'arta ta shiga ta malaman makaranta.

Bari in fara da tambaya. Uwargida, maigida, yaushe rabonku da karanta littafi daga bango zuwa bango, ba don jarrabawa ko aikin ofis ba, sai don kawai yana yi muku daɗi? Duk wanda ya haura shekara talatin ya san lokacin da littafi ɗaya zai zaga aji ko unguwa har bangonsa ya cire a liƙe shi da salatif. Akwai shagunan hayar littafi, ka biya 'yan kuɗi ka kwana da shi ka mayar washegari. Akwai 'yan matan da miya ta ƙone a hannunsu saboda littafi na biyu ya iso, mai shi kuma ta ce da magariba za ta aiko a karɓa. Waɗannan masu karatun suna nan, su ne iyayen yau. Abin da ya sauya shi ne lokacin nan na bayan isha'i, wanda a da littafi ko tatsuniya ke cikewa, yanzu waya ta cinye shi.

Abin da ya haɗa mai magani da littafi

Cikin buƙatun da muke yawan ji a shagon magani akwai "a taimaka min da abin da zai sa ni barci." Mata masu goyo suna faɗa, 'yan kasuwa suna faɗa, har da ɗalibai. In ka tambayi mutum abin da yake yi a awa ta ƙarshe kafin barci, amsar kusan ɗaya ce. Yana kwance, an kashe fitila, waya na haska masa fuska, daga wannan bidiyo zuwa wancan, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, har ƙarfe ɗaya ta yi. Da asuba kuma dole ya tashi, ga shirin yara, ga cunkoson motoci da ke jiran mazauna Legas da Abuja. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare. Wanda ke kwanciya ƙarfe 1 ya tashi ƙarfe 5 bashi yake ci wa jikinsa kullum, kuma bashin yana fitowa ta saurin fushi, mantuwa, ciwon kai da wahalar shawo kan hawan jini.

Galibi abin da ake nufi da "abin barci" shi ne Piriton ko Valium. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Barcin da yake sawa ba don shi aka yi maganin ba, kuma yana barin mutum da nauyin kai washegari. Valium kuwa ba a bayar da shi sai da takardar likita, domin in an daɗe ana sha jiki yana sabawa, sai an ƙara yawansa kafin ya yi aiki, kuma barinsa farat ɗaya haɗari ne. Mun ga inda maganin tari mai kodin ya kai gidaje da dama kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun 2018. Ina kuma jan kunnen iyaye: kada a ɗura wa yaro kowane irin magani don kawai ya yi barci a huta.

Abin da bincike ya nuna

Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi a ido yana jinkirta fitowarsa. A wani bincike da aka wallafa a 2015, masana a wani asibiti mai alaƙa da Jami'ar Harvard a Amurka sun sa mutum 12 karatu kafin barci, dare biyar da iPad, dare biyar da littafin takarda. A dararen iPad sun ƙara kamar minti 10 kafin barci ya ɗauke su, melatonin ɗinsu ya ragu, da safe kuma sun fi jin kasala. Mutanen kaɗan ne, kuma karatun awa huɗu suka riƙa yi, amma ya nuna inda matsalar take.

Akwai wanda ya fi shi yawan mutane. Masu bincike a ƙasar Ailan sun raba mutum 991 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Aka ce wa kashi ɗaya su riƙa karanta littafi na minti 15 zuwa 30 a kan gado har dare bakwai, ɗaya kashin kuma kada su karanta. A sakamakon da aka wallafa a 2021, cikin waɗanda suka kammala, kashi 42 cikin 100 na masu karatun sun ce barcinsu ya gyaru, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 28 ne. A Ingila ma tun 2013 akwai tsarin da likita zai iya tura mai fama da damuwa ko rashin barci laburare da sunan littafin da zai taimaka masa.

Ban da haske, akwai wani bambancin da kowa ya sani a jikinsa. Littafi yana da babi, babi kuma yana ƙarewa, sai ka sa alama ka rufe. Bidiyon waya ba ya ƙarewa, an tsara shi ne yadda wani zai faɗo kafin ka ɗauke ido. Sannan a waya ne za ka ci karo da labarin kisa, ko habaicin dangin miji, ko hoton bikin da ba a gayyace ka ba, daidai lokacin da zuciya take neman kwanciya.

Sai dai littafi ba ya maye gurbin likita. Wanda rashin barci ke damunsa dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, ko mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke yankewa cikin barci, ko mai tashi fitsari sau da yawa, ko wanda baƙin ciki ya daɗe a zuciyarsa har abin da yake so a da ya daina burge shi, asibiti ya kamata ya nufa.

Yaranmu fa?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Abin da ta ce a yi a madadin haka shi ne babba ya karanta wa yaro littafi ko ya ba shi labari. Wato abin da kakanninmu ke yi a tsakar gida da farin wata. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma yaron da ya saba cewa bayan labari sai barci ya fi sauƙin kwantarwa.

Mu da ke zaune a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Mararraba, ko Fatakwal, muna da ƙarin dalili. Yaranmu Turanci suke yi a makaranta, buroka a layi, Hausarsu ta tsaya a ta aike da cin abinci. Da yawa in ka miƙa musu rubutun Hausa sai su yi ta tuntuɓe, ba su san bambancin "ƙafa" da "kafa" a takarda ba. Ba makarantar da za ta gyara mana wannan a nan. Minti goma na karatu da ƙarfi a kowane dare, uwa ko uba ya karanta shafi, yaro ya karanta shafi, zai yi aikin da faɗa da gori ba su yi ba.

Na ƙananan yara

A fara da Tatsuniyoyi Da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi na ɗaya zuwa na shida. Tatsuniyoyin gajeru ne, ɗaya ta isa dare guda, kuma yaro zai san Gizo da Ƙoƙi kafin ya san jaruman katun. Ga wanda ke koyon haɗa baƙi, har yanzu Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suna aiki.

Daga nan sai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makircin da zai fitar da yaron daga fada. Aku ne ke tsare Musa da labari bayan labari har gari ya waye. Duk uwar da ta taɓa rarrashin yaro mai taurin kai za ta ga kanta a wannan tsuntsu. Idan kuna son jin dariyar yaranku, ku nemo musu labarin Kalala da Kalalatu. In littafi ɗaya tak za a saya a gida, wannan nake ba da shawara.

Na 'yan shekara tara zuwa sha huɗu

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da matsayi na musamman a wurin mai sana'a irin tawa, domin labarin neman magani ne. Alhaji Imam ya bar gida yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya kuma shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta, wannan ya rama wancan ya rama. Littafin siriri ne, yaro zai gama shi a mako guda.

Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, na masu son yaƙi da kirari ne. Haka ma Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya taso ba ya iya tafiya, daga baya ya zama jarumi. Yaron da ke son finafinan sararin samaniya a ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ya ga cewa tun 1969 aka rubuta irin wannan da Hausa, inda wani yaro mai suna Kilba ya yi tafiya zuwa sama. Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi kuma labarin maraya Salihi ne da yadda gaskiya ta riƙa fitar da shi daga wahala.

Na samari da 'yan mata

Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya dace da wanda ya fara hankali. Labarin yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi ne, da uwar da ta ƙetare hamada tana nemansa. Firayim Ministanmu na farko ya rubuta shi tun yana malamin makaranta. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana nuna abin da ke biyo baya idan kuɗi ya raba masoya, wanda aka ƙwace wa kuma ya ƙi haƙura.

Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina wasan kwaikwayo ne a kan attajirin da ke ruɗin 'yar makaranta da abin duniya. Ku karanta shi tare da 'yarku, kowa ya ɗauki bakin mutum ɗaya. Zancen da ke yi wa uwa nauyin faɗa kai tsaye yakan zo da sauƙi idan a kan wata yarinya ta cikin littafi ake yin sa. Sai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, labarin Boɗaɗo, Bafulatanar da ta tsaya a kan wanda take so duk da adawar dangi. Shi ne ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa.

Na uwargida da maigida

A nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce a gaba. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk matar da ke ganin lokacin komawa makaranta ya wuce mata ta karanta shi. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa maigida nake so ya fara karantawa. Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya, sai Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta. An fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

Wanda ke son tuna ƙuruciya ya koma wa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa. Littafin da ka karanta kana ɗan shekara sha shida wani abu daban yake zama idan ka sake buɗe shi kana da 'ya'ya. A da bayan masoya kake, yanzu sai ka tarar kana sauraron hujjar iyayen. Mai ƙarancin lokaci kuma ya nemi gajerun labaran gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta.

Ga masu karatun Turanci, akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a Arewa ya faru kuma yara maza suna sonsa. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali da ya fito a 1984, da Things Fall Apart na Chinua Achebe na 1958, wanda da yawa sun karanta don jarrabawa kawai, ba su taɓa jin daɗinsa a natse ba.

Yadda za a yi amfani da shi

Kowane magani da ƙa'idarsa, ga ta wannan.

Na farko, a tsayar da lokaci. Rabin awa kafin kwanciya ta isa, kuma gara minti 15 kullum da awa uku sau ɗaya a wata.

Na biyu, a sa waya caji nesa da gado, in da hali a wajen ɗaki. Na san mata da yawa suna karanta littattafan Hausa a waya yanzu, ban kuma ce su daina ba, amma su bar shi da rana. Su kuma duba abin da ake turo wa 'ya'yansu, domin ba kowane rubutu da ke yawo a waya ne ya dace da yarinya ba.

Na uku, haske. Karatu cikin duhu-duhu ba ya makantarwa kamar yadda ake faɗa, amma yana gajiyar da ido ya kawo ciwon kai. Fitila mai caji da aka ajiye ta haska shafin ta wadatar ko da an ɗauke wuta.

Na huɗu, ido. Daga wajen shekara 40 mafi yawan mutane sukan fara nisanta takarda kafin su ga rubutu. Wannan sauyin shekaru ne, tabarau na karatu yana gyara shi. Mutane da dama da ke cewa karatu ya fita ransu, ido ne ya gaji ba su sani ba. A je a auna ido maimakon saye a bakin titi, domin a wurin awon ne ake gano hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. Mai ciwon suga ya riƙa zuwa awon ido duk shekara. Yaron da ke manna littafi a fuska ko yake ƙanƙance ido shi ma a kai shi.

Na biyar, a bar goro, kofi da shayi mai ƙarfi tun daga la'asar. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsakarwa yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki.

Na shida, littafin da bai kama ka ba bayan shafi talatin, ajiye shi ka ɗauki wani. Ba jarrabawa za a yi maka ba. Haka kuma kada a mayar wa yaro karatu horo. Wanda aka ce "tunda ka yi laifi je ka ɗauki littafi" zai tashi yana ganin littafi bulala ne.

Inda za a samu

Mafi yawan tsofaffin littattafan nan kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga su, kuma ana samun su a shagunan littattafai na Zariya, Kaduna da kasuwar Sabon Garin Kano. A garuruwan da muke zaune, a duba wurin masu baza littattafai a bakin masallacin Juma'a. In ba a samu ba, ai kullum akwai mai zuwa gida. Yadda ake sallahun kuka da daddawa da kilishi, a ƙara da sunan littafi ɗaya a takardar. Maƙwabta uku ko huɗu kuma za su iya saye daban-daban su riƙa musanya, kamar yadda aka saba a da.

Ku gwada na mako biyu, ku lura da lokacin da barci ke ɗaukar ku da kuma yadda kuke tashi. Ku rubuto ku faɗa min wane littafi kuka ɗauka, wane labari kuma yaranku suka ce a maimaita musu. Mai fama da rashin barcin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma kada ya tsaya sayen ƙwaya a ɓoye, ya ga likita. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya, a kwana lafiya.